Haddar Tuƙi Da Ranar Jarrabawa

Masana sun daɗe da ittifaƙi a kan cewa ilimi na gaba da aiki, kuma ni, da yake malamin nahawu ne wanda furfura ta fara yi wa sallama, ban ga dalilin da zai sa tuƙin mota ya fita daga wannan ƙa'ida ba. Saboda haka da Allah ya hore mini wata tsohuwar Peugeot 504, haɗin Kaduna, na karɓi takardar izinin koyo, na liƙa jan harafin L gaba da baya, sai na nemi littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, na zauna na haddace shi babi bayan babi, har ina yi wa iyalina tilawarsa bayan sallar Isha'i, suna gyangyaɗi.

Wanda ya ɗauki nauyin koya mini shi ne Kawu, tsohon direban babbar mota, wanda ya ci zamaninsa tsakanin Kano da Ikko tun ana tuƙi ta hannun hagu, kafin Nijeriya ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. A mazhabarsa rukunan tuƙi uku ne: hon, birki, da addu'a. Kullum da hantsi mukan tafi filin idi, inda babu abin bugewa sai dalbejiya guda a can gefe, wadda duk da faɗin filin motar ba ta da alƙibla sai ita. In na saki kuloci ta yi tsalle ta mutu, sai ya dafe ƙeya ya ce, "Ɗana, a hankali ake sakinsa kamar mai biyan bashi." Daga nan kuma sai ya shiga labarin zamanin da, yana nuna mini da hannu yadda suke shiga shataletale ta hagu, ni kuwa ina adana kowace kalma, domin ɗalibi ba ya zubar da maganar malaminsa.

Ranar jarrabawa na sa babbar riga, na isa tun kafin a buɗe ofis. Jami'in da aka haɗa ni da shi, mutum mai haƙuri da natsuwa, ya nuna alamar hanya guda ya tambaye ni ma'anarta, na kawo masa matani, na bi shi da sharhi, ina shirin shiga hashiya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ya wadatar, mu je mota."

Tafiya ta yi kyau, in aka ɗauke hannun rigata da ya naɗe giya, har muka iso shataletale, inda mas'ala ta taso mini wadda ban yi muraja'arta ba. Ruwayar littafi ta ce a bi dama. Ruwayar Kawu, wanda ya gani da idonsa kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ta ce hagu. To, mai hankali ba ya yanke hukunci tsakanin ruwayoyi biyu da gaggawa, don haka na taka birki a bakin shiga domin in yi tarjihi, motar kuwa, da ba ta san darajar bincike ba, ta yi shessheƙa ta mutu. Kafin ƙiftawa da bismilla masu adaidaita sahu sun cika bayanmu, hon na tashi ta ko'ina, wani yaron mota ya leƙo yana tambaya ko gadon titin aka bar mini.

"Malam, lafiya?" in ji jami'in.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an warware. Maganar Kawu mansukhiya ce, dokar 1972 ta shafe ta."

Ya dube ni tsawon lokaci, sa'an nan ya ce in tayar da mota. Na tayar, na cika sharuɗɗa duka, na duba madubi, na ba da sigina, na saki kuloci a hankali yadda aka umurce ni, sai ga mu muna tafiya da baya cikin natsuwa, domin hannun rigar nan ya riga ya yi nasa ijtihadin a kan giya. Jami'in ya ja birkin hannu yana salati, ya fita, ya zagayo, ya roƙe ni da girman Allah in koma kujerarsa, shi ya tuƙo mu zuwa ofis.

Lasisi dai ya samu daga baya, bayan na koma da 'yar shara, Kawu kuma ya yi alkawarin daina ba da tarihi. Sai dai har yau, duk ranar da na ce wa uwargida ta shirya in kai ta unguwa, sai ta ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka, likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa."