Yadda Sallar La'asar Ta Tona Mana Asiri a Bronx

A birnin New York, in taronku zai haura mutum 20 a lambun shaƙatawa na gwamnati, sai kun nemi izini a rubuce. Ana biyan dala 25, kuma ko an ba ku ko an hana ku, kuɗin sun tafi ke nan. Takardar kan ɗauki kwana 21 zuwa 30 kafin ta fito. Wanda ya tsara wannan doka bai taɓa zuwa suna a Fagge ba. Ina Bahaushe ya san yawan baƙinsa tun ana saura mako uku? Ka gayyaci mutum ɗaya, ya zo da matarsa, da ƙanwar matar, da wani da suka haɗu a jirgin ƙasa wanda "shi ma ai ɗan gida ne".

Ni ne magatakardan 'yar ƙungiyarmu ta 'yan gari a Bronx, don haka ni na karanta wa kwamiti dokar lokacin da ake shirin walimar Babbar Sallah ta 2024, wadda ta faɗo ran Lahadi 16 ga Yuni. Ban dire ba dattijonmu, wanda kowa ke kira Kawu, ya ɗaga hannu.

"Kai yaro, tsakanin ganin wata da Layya kwana goma ne. Su kuma suna son 21. Watan za mu roƙa ya fito da wuri?"

Na ce, "Kawu, ai tun bara kalanda ta nuna tsakiyar Yuni."

Ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin Sallar kalanda ba. Sannan ya gyara zaman hula, ya kawo dabara. Tun da doka ta ce 20, sai mu rabu gida huɗu, kowane gida mutum 19. Kowa ya shimfiɗa tabarmarsa nesa da ɗan'uwansa. Ba gaisuwa, ba kallon juna. Kwamiti ya ɗauki kabbara. An rubuta ƙin amincewata a littafin taro, kuma ni na rubuta.

Bronx ba ta rasa wuraren da aka keɓe don gashi ba. Akwai a Crotona, akwai a Van Cortlandt, akwai a Pelham Bay, wanda ya ninka Central Park sau uku a faɗi. Ɗaya daga ciki muka nufa ran Asabar ta bayan Sallah, sai dai mun iso da agogon gida. Tun da hantsi mutanen Dominika da na Jamaika sun kame kowane tebur a ɓangaren gashin. Kawu ya dubi rana, ya dubi wata babbar bishiya can ɗaya gefen, ya ce mai hankali ba ya barin inuwa ya bi allo.

Abin da kwamiti ya manta shi ne mata ma sun yi nasu taron. Wata Hajiya daga cikinsu ta sa an kawo atamfa daga Kantin Kwari, an yi anko. Sai ga gida huɗu na mutanen da ba su san juna ba, sanye da shuɗiyar atamfa iri ɗaya, har da ɗaurin ɗankwali. Maza kuwa gaisuwa ce ta zame musu ciwo. Na ga saurayi ya durƙusa shi kaɗai a tsakiyar ciyawa yana fuskantar surukinsa daga nesa, leɓe na motsi ba sauti. Wani ya bugo mini waya daga tabarma ta uku, ina kallonsa yana kallona, yana tambayata ina gajiya, yaya iyali. Kular zoɓo ɗaya ce tak, tana yawo gida gida a kan wata yarinya.

Mai tsirenmu, mutumin Maraɗi, bai yarda da murhu mai ƙafa ba. Ya tara ƙasa a gindin bishiyar ya yi tukuba, ya hura gawayi a tsakiya, ya kafa tsinkaye kewaye, ya shiga yayyafa mai da kulikuli. Na matsa na ce masa, "Malam, a nan ba a hura wuta a ƙasa, kuma sai an ba bishiya tazarar ƙafa goma." Bai ko ɗago ba. Ya ce daga Maraɗi har Agege ya yi tsire, bishiya ba ta taɓa kai ƙararsa ba. A bayansa Hajiya ta ɗora tandar masa a kan tukunyar gas, wadda ita ma haramun ce a lambu. Lasifikar da Kawu ya aro kuwa, takardarta daban ce, a ofishin 'yan sanda ake neman ta.

Hayaƙi ne ya kira mana ma'aikaciyar lambu, wata mata mai koren yunifom. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce zafin garwashi yana kashe saiwar bishiya, shi ya sa aka ajiye jajayen ganguna na ƙarfe don zuba toka. Gaskiya ta faɗa: a Nuwamban 2024 fari ya yi tsanani, wuta ta tashi a dajin Prospect Park da ke Brooklyn, har magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya hana gashi a dukkan lambunan birni. Amma a ranar, mai tsire na jin za a zuba wa garwashinsa ruwa sai ka ce an yi masa rasuwa.

Ta dubi tabarmi huɗu da atamfa ɗaya, ta tambaya ko taro ɗaya ne. Kowa ya shiga duba wayarsa. Kawu ya miƙe, ya ce, "Wallahi..." sai ya tuna makon Sallah ne, ya haɗiye rantsuwar. "Wato, yau muka ga juna." Aka fassara mata. Ta gyaɗa kai.

Da ta tafi a nan, da Kawu ya ci gari. Sai wani dattijo da kunnensa ya yi nauyi, wanda ba wanda ya tuna ya sanar da shi dabarar, ya dubi agogo ya rangaɗa kiran La'asar. To wa zai ce shi ba ya ciki? Gida huɗu suka miƙe, aka jawo tabarmi aka haɗe, kafaɗa da kafaɗa, liman yana ta cewa a daidaita sahu, a cike giɓi. Muka jera mata kanmu tsaf, maza gaba, mata baya, ba mai motsi. Ita kuwa ta koma gefe cikin ladabi, ta cire hularta, tana bin sahu da ido. Muna sallamewa ta ce 91, ban da yara.

Ba ta rubuta mana tara ba. Ta nuna mini shafin intanet ɗin da ake cike takarda, ta tsaya har aka kashe wutar aka kwashe tokar zuwa jar ganga. Naman da bai gasu ba ya ƙare a farfesu a gidan Hajiya, hawa na biyar.

A taron da ya biyo baya, Kawu ya ce a rubuta cewa dabararsa ba ta da aibu, liman ne ya ja sallar har aka gama ƙirga mu. "La'asar ce fa," in ji shi, "ba Tarawihi ba."