Gyaran Gangar Abzinawa

Da aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yayana ya ɗauki gona, ni kuwa rabona ya faɗa kan tsohuwar a-kori-kura, Peugeot 504, irin waɗanda suka cika hanyoyin Arewa bayan an buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Injinta lafiya lau. Ko yau ka lafta mata buhunan masara za ta kai su kasuwar Dawanau ba ko tari. Aibinta ɗaya, robar ƙofa. Rana ta gasa ta, ta bushe ƙayau kamar kilishi, tana gutsurewa da kanta. Da damina ruwa ya jiƙe min cinya, da hunturu kuwa in fito fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Kura dai ban taɓa korar ko ɗaya ba, amma ƙura ta kusa korata daga motar.

Na je wurin fanalbita, ya faɗi kuɗin aiki, na yi dariya. Manna roba ne fa, ba tiyatar zuciya ba. Na wuce kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo sabuwar roba da gwangwanin gam. Mai shagon ya biyo ni da nasiha: "Alhaji, ka kankare tsohon gam tas, ka goge da fetur. Ka shafa sabon a jikin ƙarfe da jikin roba, ka bar shi ya sha iska har ya daina kama yatsa. Kada ka ja robar, in ka ja ta za ta koma." Na ce masa to, irin "to" ɗin da ɗalibi ke yi wa malami alhali hankalinsa na kan tara.

Ranar Juma'a da hantsi na fara. Kankarar tsohon gam ta gundure ni bayan minti goma, na ce wanda ya rage ai ɗan'uwan sabon ne, za su daidaita. Na ɗauki robar na gwada, na ga ta yi tsawo, na datse taƙi guda. Da na zagayo ƙasan ƙofa sai ga ta ta gaza da taƙi guda cif. Na tuna an ce kada a ja, sai na ja ta a hankali, don kada ta gane.

Uwargida ta leƙo daga zaure. "Malam, ba ka bari mai sana'ar ya yi ba?" Na ce mata kowa da ranar da ya fara. Ta dubi yatsuna uku da suka manne wuri guda, ta koma ciki ba ta ƙara cewa uffan ba.

Batun barin gam ya sha iska kuwa, na ga ɓata lokaci ne. Na lafta shi kamar man shanu a kan tuwo, na manna. Nan na tuna wata dabara da na taɓa gani a gareji: a sa takarda a bakin ƙofa a rufe, in an ja ta ta yi tauri, roba ta zauna. Takarda ba ta kusa, sai na zaro naira dubu daga aljihu. Na shiga, na ja ƙofa, ta dawo. Ashe sabuwar roba kauri gare ta, sai an ɗan sassauta maƙalar ƙofar an daidaita. Ni ina na san wannan? Na tattara ƙarfina na maka ta, gam! Ta rufu. Na ja kuɗi, suka yi tauri ƙwarai. Na jingina ina yaba wa kaina, har gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Kiran sallar farko ne ya tashe ni. Na murɗa hannun ƙofa, ko motsi. Ɗaya ƙofar kuwa tun zamanin marigayi aka ɗaure ta da waya ta waje. Haka na sauke gilashi na fara fitowa ta taga, kai da kafaɗu suka wuce, tumbi ya ce shi ba inda za shi. A wannan hali maƙwabta suka same ni, kowa da darduma a kafaɗa. Wani dattijo ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Shiga kake ko fita?" Yara biyu suka ja ni ta hannu, hulata ta faɗa kwata.

Ranar Asabar fanalbita ya zo har gida. Ya zagaya motar, ya taɓa robar da ta riga ta janye daga kusurwa, ya ce, "Yallaɓai, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?" Na ce wani yaro ne. Ya caje ni kuɗin cirewa, da na mannawa, da na wata sabuwar robar.

Yanzu ba ruwa, ba ƙura. Rabin naira dubun nan ne kawai ya ƙi fita, yana nan liƙe a jikin ƙarfe. Duk ranar da na ce wa uwargida ba ni da kuɗin cefane, sai ta ce in je in duba ajiyata ta ƙofar mota.