Keken Araha, Batirin Tsada

Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na rantse ni da layin gidan mai har abada. Na sayo keken lantarki ɗan China, irin mai arahar nan. Watanni ina wuce 'yan acaɓa shiru kamar kyanwa, har hannu nake ɗaga musu.

Sai zafin Afrilu ya sauka. Batirin lithium ba ya ga maciji da zafi, ni kuwa a tsakar rana nake jingine keken, in jona caji tun batirin yana huci. Ran nan a tsakiyar hawan gada ya ce ga garinku nan. Na sauko ina turawa, gumi har cikin takalmi. Wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce, "Alhaji, an ɗauke wuta ne?"

Mai gyara ya kwance akwatin batirin, ya nuna mini ƙananan batura a jere, kowanne kamar yatsa. Ya gwada su da mita, ya girgiza kai.

"Yallaɓai, volt 48 ne, rukuni 13. Rukuni ɗaya ya rasu, sauran sun shiga takaba."

Da ya faɗi kuɗin sabo, sai na tambaye shi ko har da wani keken ake haɗawa. Abin haushin, a jihar Nasarawa ma ana haƙo lithium ɗin nan. Tsugune dai ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Malam, kafin ka taya keke, fara tambayar kuɗin batiri. In ka saya, nema masa inuwa.