Baƙo Shi Kaɗai a Kafanchan, da Masu Tarbarsa

Malamai sun karhanta wa mutum yin tafiya shi kaɗai, to, amma wanda ya nufi Kafanchan a ƙarshen Disamba, sa'ad da 'yan ƙasa ke komowa gida daga Kaduna da Abuja da Ikko saboda Kirsimeti da bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, ba ya bukatar fatawa kan wannan mas'ala, domin tun bai ajiye jakarsa ba mutanen gari za su raba shi da kaɗaici, ko yana so ko ba ya so.

Ɗan acaɓa ne ke fara cafke shi, ya kuwa riga ya yanke hukuncin cewa Matsirga za shi, kallon ruwan da ke faɗowa daga dutse. Kuɗin da zai faɗa, gwargwadon ƙyallin takalmin baƙon ne.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne tsohon ma'aikacin reluwe. Garin nan dogo ne ya raya shi, tun da layin Fatakwal ya iso a 1927 ya rabu biyu, reshe guda Kaduna, guda Jos, shi kuwa dattijon yana ganin amanar wannan tarihi a wuyansa take, faɗarsa ga baƙo wajibi ne, sauraro kuma farilla. Za ka same shi a inuwa kusa da tasha, rediyo a cinya, batiri ɗaure da roba. Ya kama wuyan hannunka, ba zai saki ba sai ya biya maka tashoshi bi da bi, Gudi, Lafiya, Makurɗi, Inugu, yana tsayawa a kowace gwargwadon yadda jirgi ke tsayawa a da, alhali ciyawa ta rufe dogon da yake nuna maka. Kowace hira tasa kuwa, ko ta ina ta faro, a kan fansho take tiƙewa. Ni dai a ganina, duk garin babu wanda ya fi shi cancantar goronka.

Sai dillalin citta, wanda a mazhabarsa babu mai hankalin da zai zo Kudancin Kaduna shi kaɗai face da nufin sari. In ka ce yawon buɗe ido ka zo, sai ya yi murmushi, ya ɗauki musun naka hujjar cewa kai gogaggen ɗan kasuwa ne, ya zaro busasshiyar citta daga aljihu, ya karya ta a ƙarƙashin hancinka har ka yi atishawa, ya ce, “Alhaji, 'yar Kwoi ce, tun annobar citta ta 2023 ba ka ga irinta ba.”

Akwai kuma masanin Nok, mai ruwaya ba isnadi. Gaskiya ne a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓun da ake kira na Nok a ƙasar Jaba, gaskiya ne kuma wani kan yumɓu ya yi aikin mutum-mutumi a gonar doya kafin ya faɗa hannun mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a farkon shekarun 1940. Illa dai kowane jagora cewa yake gonar ta kakansa ce, har in ka tattara ruwayoyin sai ka rasa yadda alƙali zai raba gadon.

Mai tuwon acca ita ce ba ta da magani. Za ta dube ka, ta dubi bayanka, ta ce, “Ɗana, kai kaɗai? Ina iyali?” In ka ce suna gida, ta yi musu jaje; in ka ce babu, ta ƙara maka tsoka guda, ta ja kujera, ta soma ba ka labarin 'yarta da ke karatu a kwalejin Gidan Waya.