Agwagwar da Ta Nutse a Ingila

Har yanzu kunnuwana zafi suke yi. Obo nake busawa, wato ƙanwar algaita da ta yi boko: baƙin katako daga Tanzaniya, maɓallai birjik, sai ɗan kara mai leɓe biyu da ake nomawa a kudancin Faransa, wanda masu busa ke fiƙewa da wuƙarsu. Daren Asabar muka yi wasa a wani tsohon zaure mai sanyin tsiya a arewacin Ingila, labarin Peter da Kyarkeci, wanda Prokofiev ya rubuta wa yara a 1936. Tsuntsu sarewa ce, kyarkeci ƙaho uku, agwagwa kuwa ni. Kawu, da ya zo ganin likitan ido, yana layin gaba, babbar riga kan rigar sanyi.

Numfashi mai ɗumi in ya ratsa katako mai sanyi, raɓa yake zama. Ɗigo ɗaya tak ya gangara ya zauna a ƙaramin ramin da ke ɗaga murya sama, bai yi sallama ba.

Mai ba da labari ya ce ga agwagwa nan tafe, ta ga Peter bai rufe ƙofa ba, za ta yi wanka a tafki. Madugun makaɗa ya nuno ni da sandarsa, har da murmushi. Na cika ƙirji, na runtse ido, na busa.

Ɓul-ɓul-ɓurrr.

Na sake. Ɓurrr. Ba kukan agwagwa ba ne, ƙarar buta ce da aka danna cikin randa. Murmushin madugu bai tafi ba, daskarewa ya yi a inda yake, sandar na rataye a iska. Masu goge duka suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Zauren ya yi tsit, irin tsit ɗin da ake jin haɗiyar miyau. Can sai wata yarinya ta miƙe kan kujera ta kwarma wa uwarta cewa agwagwar tana nutsewa, a taimaka mata. Wannan muryar nake ji duk lokacin da na rufe ido. Ba dariya take ba, wallahi tausayi ne, kuma shi ya fi ciwo.

Maganin ruwa a rami sananne ne ga duk mai obo: ka hure shi, ka zura takardar naɗin taba marar gam a ƙarƙashin maɓalli ta tsotse sauran. Na zaro tawa daga aljihu a gaban jama'a. Ashe aikin likitan ido ya yi kyau.

Bayan an tashi, Kawu ya tare ni a bakin ƙofa, hannu a baya.

"Ɗan nan, na ga matsalar. Kumatu ne. Ka taɓa ganin mai algaitar sarki da kumatu a lotse? Cika su ake yi tam, har ido ya firfito."

"Kawu, ai mu ba a kumburawa. Ruwa ne ya shiga."

"To wa ya ce ka sa mata ruwa? Na gan ka tun farko kana tsoma bakinta a kofi."

"Dole ne a jiƙa karan, in ba haka ba ba ya motsi."

"Ka jiƙa, kuma kana mamakin ruwa." Ya girgiza kai. Ya ce gobe in shanya ta a rana. A Ingila, a watan Janairu. Ya ce in kuma an rasa rana, a ɗora ta kan hita, abin da zai tsaga katakon gida biyu kafin a idar da Isha. Sannan ya ba da shawarar in nemi canjin dabba, tunda masu ƙahon kyarkeci su uku ne, ko ɗaya ya nutse akwai saura.

Sai ya rage murya, ya dafa kafaɗata.

"Maganar taba kuma, tun yaushe?"

Na fara rantsuwa, ya ɗaga hannu. Ya riga ya kira Inna tun muna kan dandamali.