Ire-iren 'Yan Ɗaki a Shekarar Farko ta Kwaleji

Yarinyar da ta samu gurbin karatu daga ƙauyukan arewacin Kano, wajajen Bichi, Ɗambatta, Tsanyawa, Bagwai, Makoɗa da Dawakin Tofa, ba ta yin nisa da gida. Ko dai ta tafi Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta, ko ta shiga birni, Jami'ar Bayero ko Sa'adatu Rimi. Duk tafiyar mota ɗaya ce ko biyu. Kuɗin rajista yawanci daga rumbu yake fitowa, buhun gero ko na wake da aka kai Dawanau, wani lokacin har da akuyar Inna. Akan haɗa ta da guzuri: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, daddawa da kwalbar man gyaɗa. Sannan a bi ta da nasiha, wadda kusan dukkanta a kan maza take. Ba a cika ja mata kunne a kan mata ba, alhali da su za ta kwana, da su za ta tashi, kuma su ne za su fara sanin abin da ke cikin jakar guzurin.

Wadda za ta fara yin sallama ita ce 'yar aro. Ba ta da tukunya, ba ta da risho, amma tana da cokali, kuma kullum a wanke yake. Takan fara da ƙaramin abu: "'Yar uwa, don Allah ɗan sam min gishiri." Washegari magi, jibi man gyaɗa, kafin sati ya zagayo ta kai ga caja da bokiti da hijabin zuwa lacca. Ba ta roƙo, aro take yi, har na ashana da ruwan zafi. Ƙwararriyar cikinsu ta san ƙarar murfin kowace tukunya a layin, tana jin an sauke taliya za ta shigo cigiyar littafinta. Faɗa da ita asara ne, domin ba ta fushi, da yamma za ta dawo aron sabulu. Abin da masu dabara suke yi shi ne raba guzuri biyu, na gani a kan akwati, na gaske a ƙarƙashin gado.

Sai Yayar makaranta. Karatun NCE shekara uku ne, ita tana cikin ta biyar, saboda haka babu lungun da ba ta sani ba. Ranar rajista tana da rana ƙwarai. Ta san ofishin da ake fara zuwa da wanda ake buga hatimi, ta san shagon da hoton fasfo yake fitowa da kamannin mai shi. Matsala tana farawa ne idan ta koma ba da shawara a kan karatu. "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, wannan malamin ba ya kiran suna." Ko kuma: "Tes ba komai ba ne, a jarrabawa ake cin maki." A ƙa'idar kwalejojin ilimi kuwa, tes da aikin gida su ke ɗauke da maki 40, jarrabawa 60, kuma ana buƙatar ɗaliba ta halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin ta zauna jarrabawar. Yaya ta san wannan sarai, tunda a kanta aka gwada. Ana bin ta zuwa ofis, ba a bin ta zuwa aji, don ba can ta nufa ba.

'Yar gayu idan an tambaye ta garinsu sai ta ce Kano, ta ja bakinta ta yi shiru. Turancinta yana da yawa a waya da bakin famfo, yana ƙaranci a gaban allo. Ba ta cin tuwo, sai dai ta ɗanɗana idan an matsa mata, ɗanɗanon nata kuma malmala biyu ne. Asirinta kan tonu ranar kasuwa, sa'ad da wani dattijo ya tsaya a ƙofar makaranta da babur, da ƙullin gero a baya, yana cigiyar Talatu, alhali duk ɗakin da Hanan suka san ta.

Anti mai goyo daban take da sauran. Sau da yawa malamar firamare ce da ta dawo neman NCE, kasancewar ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita a Najeriya. Samun ta a ɗaki arziki ne: tana raba faɗa, ta san abin da ake jiƙawa don ciwon mara, kuma miyar kukarta ta gida ce. Ladan wannan alheri shi ne "Riƙe min shi minti biyu," minti biyun da yakan kai la'asar, jariri ya yi wa takardun mutum wanka. Bayan haka kowace Anti tana da ƙanin miji, yaro mai hankali, mai shago a Kantin Kwari, wanda matarsa ɗaya ce tak.

Ustaziya iri biyu ce. Akwai wadda take tayar da ɗaki sallar asuba, ta kai sabuwar ɗaliba karatun ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ta ara mata littafin lacca mai kyan rubutu. Wannan a riƙe ta hannu bibbiyu. Akwai kuma wadda aikinta awon hijabin mutane da ido, tana sauke ajiyar zuciya. Ita 'yar kasuwa ba ruwanta da tsawon hijabin kowa, in dai ba saye za a yi ba. Tana soya awara, tana ƙulla zoɓo, tana sayar da data da turaren wuta, kuma littafin bashinta ya fi na darasi tsafta da cikar bayani. Tana bayar da bashi da fara'a, tana karɓa ranar da ta ga an dawo daga gida.

Amarya mai jiran gado an sa mata rana bayan kaka. Gangar jikinta ce kawai a makaranta. Dare yana yi za ta shige bargo da waya, abin da ake ji sai "uhm" da "kai dai" har ƙarfe biyu. Duk wadda ta zauna kusa da ita za ta haddace adadin akwatunan lefe kafin ta haddace sunayen kwasa-kwasanta.

Wadda ta fi duk waɗannan buƙatar lura ita ce 'yar rahoto, kuma yanayin yankin ne ya haife ta. A ƙasar Kano ta arewa gona tana jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye, kasuwa ɗaya ake ci, aure kuma ya sarƙe gidaje. Da wuya ɗaliba ta shiga aji ba ta tarar da 'yar garinsu ba, ko jikar ƙanwar kakarta, ko wadda yayarta take aure a bayan gidansu. Wannan ita ce takan tare ta da murna ranar farko, ta ɗaukar mata jaka. Ba muguwa ba ce, bakinta ne ba ya riƙe abu, kuma tana kiran gida kullum bayan isha'i. Labari yakan tashi daga ɗakin kwana zuwa wayar mahaifiyarta, daga nan ya biya ta wurin injin niƙa, ya kwana a gidan suna, ya iso kunnen Inna ya yi ƙiba. Idan ɗan aji ya tambayi ɗaliba ina ake lacca, a gida za a ji cewa ana ganin ta da wani. Idan mai adaidaita ya sauke ta a ƙofa, wanin ya zama mai mota. Sau da yawa yarinya takan dawo hutun ƙarshen mako ta tarar Baba ya ɗaure fuska a kan abin da ita ba ta ma san ta yi ba.

Ba a gaba da 'yar rahoto, don gaba ma rahoto ce. Akan riga ta kiran gida, a faɗi labarin tun yana ɗan ƙarami, sannan a riƙa tuna ta da ƙuli-ƙuli. Labari ɗaya ne ba ta taɓa kaiwa gida ba, shi ne na sakamakon jarrabawa, domin lambarta tana jere a takarda ɗaya da ta kowa.