Yadda Ayar Turawa Ta Kai Ni Ƙirgar Shanu

Malaman balaga, Allah ya jiƙansu da rahama, sun kasa zance gida biyu: habari, wanda ake iya gaskata mai faɗarsa ko a ƙaryata shi, da insha'i, wanda gaskatawa da ƙaryatawa ba su shiga cikinsa, kamar umarni da hani da tambaya da kira. Wannan na karanta shi tun a zaure cikin Uƙudul Jumani na Imamu Suyuɗi, na kuwa zauna lafiya da shi, har ranar da aka ɗauke ni malamin jangali a ofishin En'e, aka wajabta mana shiga ajin Turanci na yamma.

Malaminmu, wani dattijo da ya yi Kwalejin Katsina, wanda ba ya sa alli a allo sai ya gyara gilashinsa, ya ce su Turawa gida huɗu suka kasa jimla, kowace da hatiminta a wutsiya. Jimlar bayani tana ƙarewa da aya, ɗigo guda. Jimlar tambaya tana gabatar da fi'ili ko mataimakinsa a kan fa'ili, ko ta fara da irin su what da where, sa'an nan a rufe ta da alamar tambaya. Jimlar umarni tana farawa da fi'ili tsirara, fa'ilinta kuma a ɓoye, abin da masu nahawu ke kira lamiri mustatiri, a rufe ta da aya, in da zafi a sa alamar motsin rai. Ta huɗu, ta ta'ajibi, wannan alama ta motsin rai ita ce rabonta. Na haddace wannan kamar Ƙulhuwallahu, ina kuma yaba wa mutanen da suka sa wa kowace magana shaida, alhali mu a ajami sai dai mai karatu ya dogara ga shin da ko da basirar da Allah ya ba shi.

Ana nan wata safiya cikin damina, lokacin da aikin jangali ya kankama, sai masinja ya kawo mini takarda daga Di'o, layi ɗaya tal: "Could you let me have the cattle tax register before noon." A ƙarshenta kuwa ɗigo.

Na ajiye alƙalami, na dubi mas'alar kamar yadda ake duban mas'alar gado mai tarin magada. In na ce bayani ce saboda ayar, to me ya sa could ya sha gaban you, kuma wane labari aka ba ni da zan gaskata ko in ƙaryata? In na ce umarni ce, ina fi'ilin da ya fito tsirara? Saura tambaya ke nan, wadda mai buga tafireta ya tauye wa alamarta bisa rafkanwa. Haƙƙin tambaya kuwa jawabi. Na san lalle malaman ma'ani sun ce istifhami yakan bar gidansa ya koma umarni, amma wannan fasahar Larabawa ce ma'abota waƙa, ban ga dalilin da zai sa mutumin da ke da ikon ɗaure ni ya tsaya tambayata ko zan iya ba. Saboda haka na rubuta da kyakkyawan hannu, "I could, Sir." Na ba masinja, na share ƙurar littafin, na ɗora shi a gabana ina jiran umarni ya iso.

Aka kira azahar, sai ga takarda ta biyu: "Is it too much to ask for one book?" Alhamdu lillahi, wannan karon alamar tambaya ta fito ɓaro-ɓaro, na kuwa ji daɗi da hukuncina na farko ya sami shaida. Na amsa, "No, Sir, it is not too much." Masinja ya dube ni ya ce, "Malam, da dai ka haɗa da littafin nan, don na baro Bature yana cizon lofe." Na ce masa, "Kai dai kai takarda, nahawu ba aikin masinja ba ne."

Ba a jima ba sai ga Di'o da kansa a ƙofa, fuska ja wur kamar gauta. Ya dubi littafin, ya dube ni, ya ɗaga hannu sama ya ce, "What a clerk!" To, alama ba a ganinta a baki, kunnena kuwa what ya ji a farko, sai na durƙusa na ce, "Malamin jangali, ranka ya daɗe." Akawunan ofis suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne, mutumin nan ya ci jarrabawar Hausa da ake yi wa jami'an mulki, da ya ce "kawo" da tuni magana ta ƙare kafin hantsi. Ya suri littafin da hannunsa ya fita.

Babban akawu ya ce in rubuta takardar ban haƙuri. Na yi nazari, na ga babu abin da ya fi nadama motsa rai, don haka kowace jimla ta cancanci alamar gida na huɗu. Tafiretar ofishinmu, kamar yawancin na wancan zamani, ba ta da wannan alama, sai mutum ya buga aya, ya komo da baya, ya ɗora mata ɗan tsinken nan na sama, haka na yi ta fama, layi bayan layi, har zuwa rufewar da aka saba yi wa wasiƙun gwamnati, inda na buga "Your obedient servant!" Daga baya aka gaya mini wai a wurinsu wannan daidai yake da mutum ya tsaya a ƙofar ofis yana daka wa shugabansa tsawa cewa shi bara ne mai ɗa'a.

Washegari takardata ta komo, babu kalma ko ɗaya a kanta, sai alamar tambaya ƙatuwa da jan tawada, ita kaɗai, ba fi'ili ba fa'ili. Na kai wa malaminmu na ce, "Allah ya gafarta malam, wannan a wane gida take cikin huɗun?" Ya gyara gilashi, ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya ce, "Wannan umarni ce, kuma ina jin ma'anarta ka ɗaure kayanka."

Kafin mako ya zagayo aka tura ni rugage ƙirgar shanu.